Rediyon Motar Tokumbo Ba Ya Kama Tasha: Yadda Za Ka Gano Matsalar Kafin Ka Kashe Kuɗi

Mota ta iso daga Kwatano ko Legas, inji lafiya lau, na'urar sanyaya ciki tana aiki, amma ka kunna rediyo sai shuuu. Ko kuma ya kama tasha ɗaya ko biyu, sauran kamar an rufe su. Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su wuce Ƙofar Ruwa ko Panteka su sayi sabon rediyo, ko su sa a ɗaura musu allon Android. Sau da yawa bayan an kashe kuɗin sai a tarar matsalar tana nan, wani lokaci ma ta ƙaru. Dalili kuwa shi ne ba a tsaya an bambance ba tsakanin rediyon da ya lalace, da rediyon da lafiyarsa ƙalau amma an ƙera shi don wata ƙasa, da kuma rediyon da eriyarsa ce ta mutu. Kowanne maganinsa daban. Ga wanda ke doguwar tafiya, wanda ke son jin labarin halin da hanya take ciki kafin ya shiga daji, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da za ka buƙata kaɗan ne: sukudireba, guntuwar waya mai tsawon kamar santimita 75, mitar awon wuta idan da hali, da ƙaramin rediyo na hannu ko wayar salula mai FM don gwaji.

Mataki na farko: saurara sosai kafin ka kwance komai

Kai motar fili, nesa da dogayen gine-gine da taransifoma. Kashe inji, bar makulli a inda rediyo ke kunnuwa. Cire duk abin da ke jone a wurin caji: cajar waya, kyamarar gaban mota, da ɗan abin nan da ake saka filashi a ciki yana tura waƙa ta FM. Yanzu kunna rediyon hannunka kusa da motar ka ga tashoshi nawa yake kamawa a wurin. Idan shi ma tasha biyu kawai yake samu, to wurin ne ba shi da sigina. FM ba ya tafiya nesa kamar matsakaicin zango, wato AM ko MW a jikin rediyo, tsauni da nisa suna yanke shi, kuma tashoshinmu da yawa sukan rage ƙarfi ko su sauka gaba ɗaya idan babu wuta. Kada ka hukunta rediyon mota a kan laifin janaretan gidan rediyo.

Idan na hannu yana kama goma, na mota yana kama biyu, sai ka matsa gaba. Gwada filashi ko faifai ko Bluetooth. Idan sauti ya fito tas, lasifika da wutar rediyon lafiyarsu lau, matsalar tana ɓangaren kama tasha ne kawai.

Mataki na biyu: gano ƙasar da aka ƙera wa rediyon

A nan ya kamata ka daɗe, domin nan ne mutane suka fi asarar kuɗi. Kar ka yi amfani da maɓallin nema da kansa. Yi ta matsawa da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kana kallon lambobin da ke kan allo. Abu biyu kake nema: inda lambobin suka fara da inda suka ƙare, da kuma yawan tsallaken da suke yi a kowace matsawa. A Najeriya da Nijar da Ghana da sauran maƙwabta, zangon FM yana farawa daga 87.5 zuwa 108, matsakaicin zango kuma yana tafiya da tsallaken tara-tara, daga 531 zuwa 1602. Tsarinmu ɗaya da na Turai.

Idan lambobin sun fara daga 76 suka tsaya a 90 sannan suka koma farko, rediyon Japan ne. Zangon FM ɗinsu ke nan, sai dai sababbi da aka yi daga wajejen 2014 sukan kai 95. Za ka ce ai Najeriya ta bar tuƙin hagu tun 1972 kuma ba a yarda a shigo da mota mai sitiyari a dama ba, to ina rediyon Japan zai fito? Yana fitowa a cikin ƙananan bas da akori-kura irin su Suzuki Every da Daihatsu Hijet, waɗanda ake shigowa da su a yanke, a haɗa su a nan, a juya sitiyarin. Yana kuma fitowa a kasuwar kayan gyara, inda ake cire rediyo daga rabin motar da aka kawo daga Japan a sayar wa mai Corolla ko Camry, tunda ramin dashbod ɗin ɗaya ne. Alamarsa a Kano ba ta ɓuya: zai ba ka Dala FM a 88.5 da Rediyon Kano a 89.3 tas-tas, amma Freedom a 99.5 da Rahama a 97.3 ko alamarsu ba za ka ji ba. Wannan rediyon bai lalace ba. Ko mai gyara ya kwana a kansa ba zai samu abin gyarawa ba.

Idan lambobin sun kai har 107.9 amma suna tsallake biyu-biyu, 99.1, 99.3, 99.5, ba sa taɓa tsayawa a 99.2 ko 99.4, rediyon Amurka ne ko Kanada. Yawancin Toyota da Honda da Lexus da ke kan titunanmu daga can suke. A Najeriya mun yi sa'a, domin galibin tashoshinmu lambarsu ta ƙarshe mara ce: Arewa Radio 93.1, Pyramid 103.5, Supreme FM ta Kaduna 96.1, Freedom Kaduna 92.9. Amma a Nijar akwai tashoshin da ke kan cika, kamar Anfani a 100.0 da Ténéré a 98.0 a Yamai. Rediyon Amurka sai dai ya tsaya a 99.9 ko 100.1, a gefen tashar. Idan kana kusa da ita za ka ji magana amma da ɗan karce-karce, kana yin nisa ta ɓace, kuma maɓallin nema sau da yawa tsallake ta yake yi.

A matsakaicin zango abin ya fi tsanani, domin Amurka goma-goma take tsallakewa. Rediyon Tarayya na Kaduna da aka sani a kan 594, a wannan rediyon sai dai ka tsaya a 590 ko 600. Nagarta a 747 sai dai 750. Rediyon Kano a 729 ya fi sauƙi, tunda 730 ɗaya kacal ya rage. Tsarin biyu ba sa haɗuwa daidai sai a lambobi irin su 540, 630, 720, 810 da 900. Haka kuma idan ka lura muryar FM a motar Amurka ta ɗan dushe kamar ana magana ta bayan labule, wannan ma daga bambancin tsarin tace sauti ne tsakaninsu da mu, ƙara siririn sauti kaɗan a saiti ya wadatar. Maɓallin XM ko SAT kuwa ka manta da shi, tauraron ɗan'adam ɗinsa Arewacin Amurka yake haskawa.

Idan lambobin suna tafiya daga 87.5 zuwa 108 ba tare da tsallake ko ɗaya ba, rediyon Turai ne, ko na Dubai, kuma ya dace da mu. Abu ɗaya za ka duba a motocin Beljiyam irin su Golf, Vectra, Sharan da Peugeot 406: maɓallan AF da TA da REG. An yi su ne don rediyon ya riƙa bin tasha ɗaya daga gari zuwa gari da kansa, yana kuma katse shiri don sanarwar cunkoson hanya. A nan tsarin bai cika aiki ba, sai rediyon ya riƙa yin shiru na ɗan lokaci ko ya bar tashar da kake ji ya tafi nema. Kashe su duka. Idan akwai zaɓin LOC da DX, sa shi a DX, domin LOC tashoshi masu ƙarfi kawai yake tsayawa a kansu. DAB, wato rediyon dijital da ke kan sababbin motocin Turai, shi ma ba zai ba ka komai a nan ba.

Mataki na uku: maganin rediyon da ba na yankinmu ba

Fara da wanda ba ya cin ko sisi. Idan allon Android ne, shiga saitin masana'anta, nemi wurin zaɓen yankin rediyo, ka sa Turai. Yakan nemi lambar sirri, wadda ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, sai ka tambayi wanda ya sayar maka. Da yawa daga cikinsu suna zuwa ne a saitin Amurka ko Japan ko tsohon zangon Rasha, kuma wanda ya ɗaura bai duba ba. Rediyon Pioneer da Sony da Kenwood da aka yi wa kasuwar ƙasashe da yawa su ma suna da wurin canja tsallaken, wasu a cikin saitin da ke fitowa idan rediyon yana kashe, wasu da ɗan makunni a ƙasan akwatin. Amma rediyon da ya zo da motar daga masana'anta don kasuwar Amurka ko Japan, galibinsu ba a canja su da maɓalli. Wasu kamfanonin Turai ne ake iya canja nasu da kwamfutar gwajin mota.

Ga rediyon Japan akwai wata 'yar na'ura da ake sakawa tsakanin wayar eriya da rediyo, aikinta ta sauko da tashoshinmu zuwa cikin zangon da rediyon ke gani. Kowace tana da lambarta: 10, 14, 18 da sauransu. Lissafin ragi ne kawai. Mai lamba 14 za ta nuna maka Freedom a 85.5, Rahama a 83.3, Pyramid a 89.5, kuma iyakarta 104. Mai lamba 10 za ta ba ka daga 86 zuwa 100, wato ka samu Dala da Freedom amma ka rasa Pyramid. Saboda haka kafin ka saya, rubuta tashoshin da ba ka iya rabuwa da su, ka cire lambar daga kowace, ka ga ko sakamakon ya faɗa tsakanin 76 da 90. Tana buƙatar wuta daga layin da ke zuwa idan an murɗa makulli, ba kai tsaye daga batir ba.

Ra'ayina a kanta shi ne, ta dace da wanda rediyonsa ke haɗe da wasu abubuwan motar da ba ya son rasawa, kamar allon na'urar sanyi ko kyamarar baya. Ban da haka ba na ba da shawararta. Tana rage ƙarfin kamu, wani lokaci tana ɗora tasha a kan tasha, kuma lambar da ke allo ba ita ce ta gaskiya ba. Mai Hijet da ke jigilar kaya gara ya sa rediyo mai sauƙi na zangonmu ya huta. Idan kuma za ka canja ɗin, nemi irin waɗanda Sony da Pioneer suka yi wa kasuwar Afirka da Gabas ta Tsakiya masu gajeren zango, za ka ga SW a jikinsu. Da irinsu direban da ke ratsa inda FM ba ya kaiwa zai iya neman sashen Hausa na BBC ko RFI kai tsaye, ba sai ya jira tashar da ke karɓo shirin ba.

Mataki na huɗu: eriya

Idan zangon daidai ne amma kamun ba ƙarfi, mafi yawan lokuta a nan matsalar take. Ga alama mai kyau: matsakaicin zango ya mutu murus, FM kuma ba ya kama komai sai tashar da ke kusa da kai. Wannan kusan kullum yana nufin hanyar eriya ta yanke a wani wuri, ko na'urar ƙara mata ƙarfi ba ta samun wuta.

Kafin ka cire kan batir ko ka zare rediyon, tabbatar kana da lambar buɗe shi. Honda da Volkswagen da wasu da dama sukan kulle idan wuta ta yanke. Duba cikin akwatin dashbod da littafin motar, sau da yawa lambar tana manne a can. A Honda da yawa, idan ka danne maɓalli na 1 da na 6 tare ka kunna, rediyon zai nuna lambar jikinsa, wadda da ita ake nemo lambar buɗewa.

Fara da abin da ido ke gani. Motar da ta yi makonni a jirgin ruwa da tashar jiragen ruwa, sannan ta biyo hanya, ba abin mamaki ba ne sandar eriyarta ta ɓata, a maye ta da wata guntuwa ta ado. Sandar FM ta gaskiya tsawonta kamar santimita 75 ne, domin shi ne rubu'in tsawon igiyar da take kamawa. Gajeru da suka zo daga masana'anta suna da waya nannaɗe a ciki da na'urar ƙara ƙarfi a gindinsu, amma na adon da ake sayarwa a bakin titi yawanci roba ce kawai da ɗan ƙarfe. Haka ƙusumbin nan mai kama da bayan kifi da ake mannawa a rufin mota don kyau. A Golf da Peugeot masu eriya a rufi, robar gindin takan tsage da zafin rana, ruwan damina ya shiga, tsatsa ta cinye haɗin. Kwance, kankare tsatsar har ƙarfe ya fito fes, ka mayar ka ɗaure sosai, domin gindin eriya dole ya taɓa ƙarfen jikin mota.

Yanzu zaro rediyon ka duba bayansa. Wata waya mai kauri, baƙa, mai kai kamar na allura, ita ce ta eriya. Za ka yi mamakin yawan motocin da ake samun ta a zare tana lilo. Idan tana ciki, zare ta, ka ɗauki guntuwar wayarka mai santimita 75, ka fere bakinta, ka sa a tsakiyar ramin, ka miƙe sauran ta taga. Kula kada ta taɓa ƙarfen gefen ramin ko jikin mota, domin a wasu motocin Turai akwai wuta a wannan tsakiyar. Idan tashoshi suka cika, rediyonka lafiya lau, kada kowa ya sayar maka da wani. Idan har da wannan bai kama komai ba alhali na hannu yana kamawa, to a nan ne kawai za a ce ɓangaren kamun rediyon ya mutu.

Sai babbar matsalar wannan zamani, wato shuɗiyar waya. Camry da Corolla da Accord da Lexus da yawa ba su da sanda ko kaɗan. Eriyarsu siraran layuka ne da aka zana a gilashin baya, a saman layukan da ke busar da raɓa, wasu manyan kuma a gilashin gefe na baya. Irin wannan eriya ba ta aiki sai da wata ƙaramar na'urar ƙara ƙarfi da ke ɓoye a bayan rufin ginshiƙin da ke kusa da gilashin, kuma ita wannan na'ura daga rediyo take samun wuta. Idan aka cire rediyon asali aka ɗaura allon Android, wayar da ke ba ta wuta, shuɗiya ko shuɗiya mai ratsin fari, an saba rubuta ANT a jikinta, sau da yawa sai a naɗe ta da salatif a tura ciki. Mai mota ya tafi yana murna da allo, sai bayan kwana biyu ya lura rediyo ya daina kamawa, ya ɗauka haka Android yake. Sa mitar awo a kan wannan waya rediyo yana kunne a FM, ya kamata ka ga wajen bolt 12. Haɗa ta da takwararta ta ɓangaren mota, kuma galibi nan take tashoshi ke dawowa. Idan wani ne zai yi maka aikin, faɗa masa tun kafin ya rufe dashbod: "Malam, don Allah a tabbatar an ba eriya wuta, mu gwada tashoshi tukuna." Mai wayarin da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba.

Volkswagen da Audi da Opel da wasu motocin Turai nasu salon daban ne, wutar ta cikin wayar eriyar kanta take bi. Idan aka canja rediyo, dole a sa ɗan mahaɗi na musamman da ke tura wuta cikin wannan waya, yana da jelarsa shuɗiya da ake haɗawa da ta sabon rediyon. Mahaɗin da ke daidaita bakin filogi kawai ba ya wadatarwa, ko da ya shiga daram.

Duba gilashin bayan da kyau da fitila. Masu cire takardar duhun gilashi da reza sukan yanke layukan ba su sani ba, kuma yanka ɗaya siriri ya isa. Ana gyara shi da wani fenti mai ɗaukar wuta da ake yi don wannan aiki. Takardar duhu mai ƙarfe-ƙarfe, mai sheƙi kamar madubi, ita ma tana tare sigina. Sannan ka tuna motocin Amurka da yawa na gwanjon haɗari ne ko na ambaliya. Idan an canja gilashin baya da wanda ba shi da layukan eriya, ko an manta an bar filoginsa a cire, ko ruwa ya taɓa kwanciya a cikin motar har filogai suka yi kore, duk za ka gani idan ka buɗe rufin ginshiƙin. Yi hattara a wurin, jakar iska ta gefe takan bi ta nan. Cire kan batir na nagetif, ka jira 'yan mintuna, kuma duk filogi mai launin rawaya kada ka taɓa shi.

Ga eriya mai sanda wadda ba ta da na'urar ƙara ƙarfi, mitar awo za ta gaya maka gaskiya cikin minti ɗaya. Daga allurar filogi zuwa sandar, ya kamata layi ya wuce. Daga ƙarfen gefen filogi zuwa jikin mota, shi ma ya wuce. Tsakanin allurar da ƙarfen gefenta kuwa bai kamata ya wuce ba, idan ya wuce wayar ta matse a wani wuri ta haɗe, sai canji. Wannan awon ba ya aiki a kan eriya mai na'ura.

Game da busta, wato na'urar ƙara ƙarfin eriya da ake tallatawa: idan wayar eriya a yanke take, babu abin da zai ƙara sai shuuu ɗin. Kar ka saya sai ka gama duk abin da ke sama.

Mataki na biyar: ƙarar da ke zuwa idan inji ya tashi

Idan rediyo yana kamawa tas inji a kashe, amma ka tayar sai ƙara ta shigo, wani abu ne a cikin motar ke watsa hayaniya. Mayar da abubuwan da ka cire tun farko ɗaya bayan ɗaya kana saurare. Cajar waya mai araha ita ce ta fi yawan laifi, sai ƙwayayen fitila na LED da aka sa daga baya. Kunna fitila ka kashe, idan tasha tana ɓacewa tana dawowa tare da ita, ka samu mai laifin, kuma maganinsa canja ƙwan da mai inganci. Allon Android mai araha shi kansa yakan dame rediyon da ke cikinsa, kuma wannan ba shi da wani gyara na kirki.

Kuka siriri da ke tashi yana sauka tare da totur daga altaneta yake. Auna batir inji yana aiki, ya kamata ka ga tsakanin bolt 13.5 da 14.5. Duba wayar nagetif daga batir zuwa jikin mota, da wadda ta haɗa inji da jikin mota, wadda ake yawan mantawa a mayar idan an sauke inji. Baƙar wayar rediyon ma ka ɗaure ta a ƙarfe mai tsabta, gajeriya, ba a kan fenti ba. Idan kuwa ƙarar tas-tas-tas ce da ke ƙara sauri idan ka taka, kuma ta fi fitowa a matsakaicin zango, daga fulogi ne ko wayoyinsu ko kwayil. Fulogin da ya dace da motocin yanzu yana da abin rage wannan hayaniya a cikinsa, a na NGK za ka ga harafin R a lambarsa, kamar BKR6E. Jabun fulogi, waɗanda suka cika kasuwa, sukan zo da harafin a jiki ba tare da abin a ciki ba, don haka idan ƙarar ta fara ne bayan an yi maka sabis, koma ka sa a cire fulogan a gwada da wasu daga wurin da ka amince da shi.